Sake Tiyatar Rage Ƙiba: Yadda Ake Tantance Buƙatarta da Yadda Ake Neman Inshora Ta Biya

Mutanenmu na Kebbi da suka yi tiyatar rage ƙiba yawanci nesa da gida aka yi musu ita: Abuja, Legas, Alƙahira, Indiya ko Turkiyya. Shekara ta farko komai kan tafi daidai, nauyi ya zube, suga ya sauka, gwiwa ta huta. Daga shekara ta biyu zuwa ta biyar ne wasu ke komawa wurin likita da ɗaya daga cikin koke biyu. Ko dai ƙiba ta dawo, ko kuma ciki ya ƙi zama lafiya: ƙwannafi mai hana barci, amai bayan kowane cin abinci, ciwon ciki, ƙarancin jini. Waɗannan koke biyu kowanne da hanyarsa a wurin likita, kuma a wurin wanda zai biya kuɗi bambancinsu ne ke yanke hukunci. Inshora tana iya sauraron maganar cuta da aka gani aka rubuta. Maganar nauyi kawai kuwa, da wuya ta wuce teburin farko. Saboda haka aikin ba ya farawa da neman likitan tiyata ko tambayar farashi. Yana farawa da gano ainihin abin da ya faru da tiyatar farko.

Ku fara sanin abin da aka yi muku

Abin takaici ne yawan masu zuwa asibiti da ba su san sunan tiyatar da aka yi musu ba, sai dai su ce "an rage min ciki". Iri uku aka fi yi. Akwai silib, inda ake yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar siriri kamar bututu. Akwai baifas, inda ake ware 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi, mai ɗaukar kimanin mililita 30, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Baifas ɗin ma iri biyu ne, mai mahaɗa biyu da mai mahaɗa ɗaya wanda ake kira ƙaramin baifas, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne. Sai zobe, wanda ake ɗaura wa saman tumbi a riƙa matse shi ko sassauta shi da ruwa ta wata ƙofa da ke ƙarƙashin fata. An rage yin zobe sosai a duniya, amma har yanzu akwai masu yawo da shi a jiki. Balan-balan da ake zurawa ta baki a hura a cikin tumbi ba tiyata ba ce, ana cire ta bayan watanni, don haka wanda ya yi ta yana neman tiyata ta farko ne, ba gyara ba.

Ku rubuta wa asibitin da ya yi aikin ku nemi rahoton tiyata, wato bayanin da likita ya rubuta da hannunsa na abin da ya yanka da abin da ya ɗinka. Takardar sallama kaɗai ba ta isa ba. A rahoton ne ake ganin girman bututun da aka auna silib da shi, tsawon hanjin da aka tsallake a baifas, da ko an gamu da wata matsala. Idan da Larabci ko Turkanci aka rubuta, a fassara shi zuwa Turanci a sa hatimi. Idan dillali ne ya kai ku, ku nemi adireshin asibitin kai tsaye, domin dillalai kan ɓace bayan an gama biyansu.

Shin ƙibar ta dawo ne da gaske?

Nauyi kan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 24 bayan tiyata. Ƙaruwar 'yan kilo bayan nan abu ne da aka saba gani, ba alamar lalacewar aiki ba ce. Likitoci suna aiki da lissafi, haka ma masu inshora, don haka ku iya shi da kanku.

Ana samun BMI, ma'aunin da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa, ta raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. A ɗauki mace mai tsawon mita 1.62. Tsawon sau kansa ya ba da 2.62. Idan kafin tiyata tana da kilo 125, BMI ɗinta ya kusa 48. Nauyin da zai ba ta BMI 25, wato iyakar nauyin lafiya, shi ne kimanin kilo 66, ke nan rarar da take ɗauke da ita kilo 59 ce. Tsohon ma'aunin da har yanzu ake amfani da shi ya ce tiyata ta yi nasara idan an zubar da rabin rarar, wato kilo 30 a wannan misali. Idan ta sauka zuwa 88, aiki ya yi kyau. Idan yanzu ta koma 108, BMI ya haura 41, wannan dawowar ƙiba ce. Idan kuwa tun farko ba ta taɓa sauka ƙasa da 105 ba, sunan matsalar daban ne, tiyatar ce ba ta yi tasirin da ake so ba. Lambobi uku ake buƙata da ranakunsu: nauyi kafin tiyata, mafi ƙanƙantar nauyi da aka kai, da nauyin yau. A auna a kan sikelin asibiti a rubuta a kati, domin lambar da mutum ya faɗa da baki ba hujja ba ce.

Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi wajen yarda a yi wa mutum tiyatar rage ƙiba ita ce BMI 40, ko 35 tare da cuta irin su suga, hawan jini ko yankewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni biyu, ta Amurka da ta duniya, suka sassauta zuwa 35 ko da babu wata cuta, da 30 ga mai ciwon suga ko makamancinsa. Masu inshora da yawa suna nan a kan tsohuwar ƙa'ida.

Kafin a ɗora wa tumbi laifi, a duba abin da ke shiga baki. Silib da baifas suna tare abinci mai tauri, amma ruwa wucewa yake yi abinsa. Wanda loma huɗu ta tuwon shinkafa ke cika shi zai iya shanye kwanon fura da nono mai sukari cikin awa ɗaya, kurɓi-kurɓi, bai ji komai ba. Haka kunun zaki, shayi mai madarar gwangwani, lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi. Sai ciye-ciye tsakanin abinci: gyaɗa, cincin, biskit, dabino a aljihu. Ku rubuta duk abin da kuka ci da wanda kuka sha na sati biyu, da lokacinsa, ba tare da gyara ba. Wannan littafi kan bayyana abin da hoto ba zai nuna ba, kuma daga baya ya zama shaida a cikin fayil ɗin da za a kai wa inshora.

A duba magunguna ma. Dexamethasone da prednisolone suna sa ƙiba, kuma ana samun su a ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen maganin sanyi da ciwon gaɓoɓi da ake sayarwa a kasuwa. Insulin, glibenclamide, amitriptyline, olanzapine da allurar tazarar haihuwa ta wata uku duk suna iya ƙara nauyi. Kada a daina ko ɗaya da ka, a kai wa likita kwalayen ya duba wanda za a iya canzawa.

Gwaje-gwajen da ke nuna dalili

Mafi muhimmanci shi ne endoskofi, kyamarar da ake zurawa ta baki a ga bututun abinci da tumbi. Ita ke nuna ko ruwan tsami ya ƙona bututun abinci, ko akwai gyambo a mahaɗar baifas, ko ƙofar jakar ta buɗe da yawa, ko ta tsuke, ko zobe ya ci jikin tumbi ya leƙo ciki. A lokacin ake ɗaukar samfur a gwada ƙwayar H. pylori, wadda ta yawaita a ƙasarmu, kuma dole a kashe ta kafin kowace tiyata. Ku roƙi a ba ku hotunan tare da rahoton. Na biyu shi ne hoton bariyom, inda ake shan wani farin ruwa mai kauri ana ɗaukar hoto yana gangarawa. Shi ke nuna siffar tumbin: ya faɗaɗa, ya murɗe, an bar wani aljihu a sama, ko wani sashe nasa ya kutsa cikin ƙirji ta ƙofar tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A baifas kuma yana iya tona wata ɓaraka da ta buɗe tsakanin ƙaramar jaka da tsohon tumbi, wadda ke mayar da abinci tsohuwar hanyarsa.

Sai jini: yawan jini, ma'ajiyar ayon (sinadarin ƙarfe na jini) da ake kira feritin, bitamin B12, folet, bitamin D, kalsiyom, albumin, gwajin HbA1c na suga, aikin hanta da ƙoda, da na maƙoƙo. A haɗa da sikanin ciki don duba tsakuwar maɗaciya, wadda kan fito bayan saurin ramewa. Mai sikila ko wanda bai san rukunin jininsa ba ya faɗa wa mai ba da maganin barci tun da wuri. Yawancin gwajin jini ana iya fara su a Birnin Kebbi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda aka fi sani da FMC, ko asibitin Sir Yahaya. Abin da ba a samu ba sai a nemi turawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Shika a Zariya, ko Malam Aminu Kano. Ku kira ku tabbatar na'urar tana aiki a satin kafin ku hau mota daga Zuru ko Yawuri.

Wane gyara ne ya dace da wace matsala

Mai silib da ƙwannafi ya addaba, wanda maganin ƙwannafi irin omeprazole ya daina yi wa aiki, kuma kyamara ta nuna ƙuna, gyaran da aka fi yarda da shi shi ne mayar da silib ɗin baifas mai mahaɗa biyu, tare da gyara ƙabar saman tumbi, wato kutsawar tumbi cikin ƙirji, idan akwai. Wannan gyara yana kashe ƙwannafi sosai, amma nauyin da yake ragewa bai kai na tiyatar farko ba. A san da haka tun kafin a shiga. Sake yanke silib ga mai ƙwannafi kuskure ne, domin yana ƙara matsi a ciki. Ana yin sa ne kawai idan hoto ya nuna an bar babban aljihu kuma babu ƙwannafi.

Mai silib da ƙiba ta dawo masa da yawa ana iya yi masa baifas, ko tiyatar da ake kira SADI, wadda ke tsallake hanji mai tsawo. SADI ta fi rage nauyi da suga, amma tana zuwa da gudawa da barazanar ƙarancin furotin da bitamin. A ganinmu, wanda ke zaune inda gwajin bitamin ke buƙatar tafiyar yini, kuma samun ingantattun ƙwayoyi kowane wata ba tabbas, ya yi dogon tunani kafin ya yarda da ita. Tamowa bayan tiyata ta fi ƙiba saurin kisa.

Mai zobe da ya zame ko ya ci tumbi, cire shi ake yi. Idan tumbin lafiya lau ne, ana iya yin silib ko baifas a zama ɗaya. Idan ya ci jiki, a cire a jira watanni wurin ya warke. Mai baifas da ƙofar jakarsa ta buɗe ana iya tsuke masa ita da ɗinki ta kyamara ba tare da yanka ba, a inda ake da kayan aikin. Gyambon mahaɗa kuwa da magani ake fara yaƙarsa, da barin taba, da barin ibuprofen, diclofenac, Feldene da garin Alabukun mai ɗauke da asfirin. Waɗannan magungunan ciwon jiki na kemis su ne kan gaba wajen huda mahaɗar baifas.

Akwai kuma hanyar da ba ta wuƙa ba. Allurai irin su Saxenda, Ozempic, Wegovy da Mounjaro suna taimaka wa wanda ƙiba ta dawo masa bayan tiyata, kuma likitoci da yawa yanzu su suke fara gwadawa idan siffar tumbin ba ta lalace ba. Suna da tsada, suna son firiji, kuma idan aka daina nauyi kan dawo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da ke yawo, don haka kada a saya a hannun mai talla a Facebook ko WhatsApp.

Dole a faɗi gaskiya kan haɗari. Likitan da zai yi gyara kamar tela ne da aka kawo wa rigar da wani ya riga ya yanka: yadin ya ragu, ga tsofaffin ɗinki. Tabon ciki yana manne hanji da hanta, jini ba ya isa wurin da aka taɓa yanka kamar da, shi ya sa yoyon ɗinki da zubar jini suka fi yawa a tiyata ta biyu. Ku tambayi likitan gyara nawa irin naku yake yi a shekara, wa ke karɓar ku idan matsala ta taso da dare, ko asibitin na da ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini. Ku tabbatar da rajistarsa a hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN.

Abin da inshora ke dubawa

Dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin NHIA ta hannun kamfanin HMO, wato kamfanin da ke biyan asibiti a madadin mai inshora. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma a Kebbi yana ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, maƙwabtanmu na Zamfara kuma ZAMCHEMA. Ma'aikatan banki, kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji sukan sami tsarin HMO mai zaman kansa. An gina tsare-tsaren gwamnati ne don zazzaɓi, haihuwa, hawan jini, suga da tiyatar da aka saba, kuma tiyatar kwalliya tana cikin abin da aka cire ƙarara. Tsare-tsare masu zaman kansu da yawa su ma sun rubuta maganin ƙiba a jerin abin da ba sa biya. Kada wanda ya shiga da tsammanin za a biya masa gyara don nauyi ya dawo.

Amma fayil ɗin gyara ba abu ɗaya ba ne dunƙule, kuma nan ne ake samun sauƙi. Endoskofi don ƙwannafi, ƙarin jini, maganin gyambo, cire maɗaciya mai tsakuwa, gyaran ƙaba, buɗe hanjin da ya toshe, duk cututtuka ne masu sunan kansu da ake iya nema a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Ko da an ƙi biyan babbar tiyatar, samun gwaje-gwajen kaɗai ya rage nauyi a aljihu. Tarko ɗaya: wasu takardun sun ƙara da cewa ba sa biyan matsalar da ta biyo bayan aikin da ba su ɗauki nauyinsa ba. Wannan jimla ce za ku fara nema.

Ku nemi cikakkiyar takardar tsarinku daga ofishin ma'aikata ko HMO, ba 'yar takardar talla ba. Ku karanta abubuwa biyar a tsanake: jerin abin da aka cire, iyakar kuɗin tiyata a shekara, lokacin jira ga sabon shiga, hukuncin cutar da aka shigo da ita, da jerin asibitocin da suke hulɗa da su. Sayen sabon tsari yau don a yi tiyata wata mai zuwa ba ya aiki, domin lokacin jira da sharaɗin tsohuwar cuta don haka aka sa su. Ɓoye tiyatar farko a fom kuwa yana iya soke tsarin gaba ɗaya, kuma tabon hudar tiyatar a ciki ba ya ɓoyuwa.

Hanyar nema tana da tsari, wanda ya tsallake mataki shi zai biya. A fara da asibitin da aka yi rajista, likitan can ya rubuta takardar turawa zuwa ƙwararre. Teburin inshora na asibitin ya nemi lambar izini, wadda ma'aikata ke kira kod, daga HMO ko hukumar jiha. Kod na ganin likita daban, na endoskofi daban, na tiyata daban. Idan kun isa tagar, ku yi tambaya a sarari: "Malam, don Allah wannan kod ɗin na me da me ne, kuma yaushe zai ƙare?" Ku rubuta lambar, da sunan wanda ya ba ku, da ranar. Wanda ya biya da kansa yana sa ran a mayar masa daga baya yakan sha wahala, sai dai in gaggawa ce, ita ma a sanar da su nan take.

Wasiƙar ƙwararren likita ita ce zuciyar fayil. Wasiƙar da ta ce "mara lafiya na buƙatar tiyatar rage ƙiba" ta mutu tun a hanya. Mai amfani takan faɗi tiyatar farko da ranarta, cutar da ake fama da ita yanzu da sunanta na likitanci, abin da kyamara da hoto suka nuna, magungunan da aka gwada da adadinsu da tsawon lokaci, abin da zai faru idan ba a yi gyara ba, da sunan aikin da ake nema. A liƙa mata rahoton tiyata, hotuna, sakamakon jini, katin awon nauyi, rasitan magani da bayanin mai ba da shawara kan abinci. Kada a roƙi likita ya rubuta cutar da babu. Zamba ce, kuma likitan HMO zai nemi hoton.

Masu tsarin ƙasa da ƙasa, ko 'yan uwa mazauna Amurka, za su tarar da sharuɗɗa a rubuce dalla-dalla. Gyara saboda matsala irin ta zamewar zobe, toshewa ko ɓaraka ya fi saurin samun amincewa. Gyara saboda nauyi kan buƙaci BMI ya sake kai ƙa'ida, a nuna an bi dokar abinci da zuwa asibiti bayan tiyatar farko, wani lokaci a yi watanni uku zuwa shida na rage nauyi ƙarƙashin kulawar likita, a ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma a daina taba. Wasu tsare-tsaren tiyatar ƙiba ɗaya tak suke biya a rayuwar mutum. Inshorar tafiya da ake saya don biza ba ta biyan aikin da aka tafi domin sa, kuma tsarin gwamnati na gida ba ya bin mutum waje.

Idan aka ƙi, ku nemi a ba ku ƙin a rubuce tare da sashen takardar da aka dogara da shi. Sau da yawa dalilin ƙaramin abu ne, ba a haɗa rahoton kyamara ba, ko an rubuta "ƙiba" a gurbin sunan cuta. A gyara a sake turawa. Likitanku na iya neman magana kai tsaye da likitan kamfanin, wannan kan warware abin da wasiƙu uku ba su warware ba. Idan tsarin na wurin aiki ne, shugaban sashen ma'aikata na da bakin magana, domin shi ke sabunta kwangila. Daga nan sai ƙorafi a rubuce zuwa ofishin NHIA na jiha, wadda ita ke sa ido kan kamfanonin HMO. Ku riƙe kwafin komai a waya da a takarda.

Idan ta tabbata daga aljihu za a biya, a nemi farashi a rarrabe: kuɗin likita, na maganin barci, na'urorin ɗinki da ake shigowa da su da dala, kwanakin gado, ɗakin kulawa ta musamman, jini. Tambayar da aka fi mantawa ita ce wa zai biya idan aka koma ɗakin tiyata cikin wata guda. A samu amsar a rubuce. A ware kuɗin masauki na aƙalla kwana 10 zuwa 14 kusa da asibitin, da na mai jinya, da na bitamin na shekara. Wanda ya sayar da gona ya biya tiyata daidai wa daida, bai bar komai na bayanta ba, ya sa kansa cikin haɗari.

Shiri da kwanakin bayan aiki

A gyara ƙarancin jini da na bitamin kafin a shiga. A bar taba da shisha aƙalla sati 6. Yawancin likitoci kan sa a yi kimanin sati 2 ana cin abinci mara sitaci da mai don hanta ta motse. Mace ta tsara da maigidanta a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma bayan baifas ba a dogara da ƙwayar tazarar haihuwa ta baki. A kauce wa sa ranar tiyata dab da Ramadan ko tafiyar Hajji, domin a watannin farko ana shan ruwa ne kurɓi-kurɓi yini guda, kuma zafin Maris da Afrilu a Kebbi ba ya yafe wa mai ƙarancin ruwa. Maganar azumi a tattauna da likita da malami tun kafin lokacin.

Bayan aiki ana bin ruwa-ruwa kimanin sati 2, sai niƙaƙƙe, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai. Ana neman furotin giram 60 zuwa 80 a rana da ruwa lita ɗaya da rabi, ba a haɗa ci da sha, a bar rabin awa tsakani. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6, kofin madara giram 8, giram 100 na dafaffen kifi kusan 20. Kifin Yawuri da Argungu, kindirmo mara sukari, alala da awara sun fi tuwo da masa amfani a wannan lokaci. Kilishi da tsire sai an daɗe, suna maƙalewa. Bitamin na har abada ne, tare da ayon, kalsiyom da allurar B12 duk wata uku ga wanda aka rubuta wa, sai gwajin jini a wata 3, 6 da 12, daga nan duk shekara.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: bugun zuciya sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida. Zazzaɓi a sati biyun farko kada a ɗauke shi maleriya a sayi magani a kemis, yana iya zama yoyon ɗinki. Amai da ya wuce kwana biyu ko uku na iya ƙarar da bitamin B1, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, don haka a gaya wa likitan gaggawa a ba da shi kafin ko tare da ƙarin ruwa mai suga. Ku rubuta sunan tiyatar, ranarta da lambar likitan da ya yi ta a ɗan kati ku ajiye tare da katin inshora, ku kuma gabatar da kanku ga wani likitan tiyata a Birnin Kebbi ko Sakkwato da kwafin rahoton tun kuna da lafiya.